Yadda ake haɗa giyar inabin Pinot Noir daga gona guda, tun daga yanka har zuwa ɗanɗanawa

A yankin Burgundi da ke gabashin Faransa akwai wani dogon gangare wanda ya taso daga kudancin birnin Dijon ya wuce garin Beaune, ana kiransa Côte d'Or, kuma a nan ne na koyi wannan aiki kaka bayan kaka, tun ina mai ɗaukar akwatin inabi har aka fara bar mini ɗakin tsimi. Kusan duk jan inabin da ake nomawa a wurin iri ɗaya ne, wato Pinot Noir, amma giyar da ke fitowa daga wannan gona takan bambanta da ta maƙwabciyarta ko da turba ce kawai ta raba su. Mutanen yankin suna kiran kowace gona mai iyaka da suna nata climat, kuma a shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sanya irin waɗannan gonaki 1,247 cikin jerin kayan tarihi na duniya. Sufayen gidan ibada na Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, suna cikin waɗanda suka daɗe suna lura da wannan bambanci, kuma su ne suka kewaye gonar Clos de Vougeot mai kimanin hekta 50 da katanga. A 1395 Filip, mai mulkin Burgundi na lokacin, ya ba da umarnin a tumɓuke inabin Gamay saboda yana ganin Pinot ne ya dace da ƙasar.

Abin da ake bayani a kansa giya ce mai sa maye, wadda addinin yawancin masu karanta Hausa ya haramta, saboda haka na rubuta wannan ne domin wanda sana'ar ta shafa da wanda yake son sanin yadda ake yin ta. Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. Idan za a rubuta sunan gona a jikin kwalba, to duk aikinka shi ne ka kai ɗanɗanon wannan gona cikin kwalbar ba tare da ka gauraya shi da na wata ba, kuma ba tare da ka rufe shi da nauyin hannunka ba.

Kayan aiki da kayan haɗi

Lissafin nan na ganga ɗaya ne, irin gangar Burgundi mai cin lita 228, wadda ke ba da kwalabe kusan 300. Kana bukatar inabi kimanin kilo 400 daga gona guda, domin ka cika gangar kuma ka sami rarar da za ka riƙa yin ciko da ita. Don yanka, ka tanadi ƙaramin almakashi mai kaifi da akwatuna marasa zurfi masu ɗaukar kilo 20 zuwa 25, da teburi mai faɗi a wuri mai haske don tsince ruɓaɓɓe. Don tsimi, ana bukatar tanki mai buɗaɗɗen baki na bakin ƙarfe marar tsatsa ko na katako, mai cin lita 500 zuwa 600, da sandar dannawa mai faifai a ƙarshenta, da bokiti, da tiyo na kayan abinci, da matsewa ta hannu irin mai kwando. Ma'aunai uku ba a yi sai da su: ma'aunin zafi, ma'aunin kaurin ruwa wanda ke nuna yawan sukari, da ma'aunin tsami na pH. Sai gangar itacen ok, da manyan kwalabe na gilashi masu cin lita 10 zuwa 20 don ajiye rara, da garin metabisalfait wanda ke ba da salfar da ke kare giya, da fakitin busasshen yisti na ko-ta-kwana, da kwalabe da toshiyarsu. A ƙarshe, ɗaki mai sanyi wanda zafinsa ke tsayawa kusa da digiri 12 zuwa 14, da littafin rubutu.

Idan babu injin cire kara, ana iya murza nonnan inabin a kan raga mai manyan ramuka da aka ɗora bisa tanki. Idan babu ganga, tankin ƙarfe mai murfin da ke sauka har saman giya zai yi, sai dai giyar za ta fito da ƙanshin 'ya'yan itace zalla kuma za ta fi saurin yin warin rashin iska, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da ba shi da madadi shi ne tsabta: duk abin da zai taɓa inabin a wanke shi da ruwan zafi, kuma kada a kusantar da sinadarin bilic mai kulorin, domin yana iya haddasa warin jiƙaƙƙen kwali wanda ba ya fita.

Mataki na 1: Rage wa kuranga nauyi

Pinot Noir inabi ne mai siririn ɓawo da nono matsattse kamar dunƙulen hannu, kuma idan aka bar kuranga ta ɗauki 'ya'ya da yawa, giyar takan fito salam, ba launi ba jiki. A Côte d'Or ana dasa kuranga kusan 10,000 a hekta ɗaya, kuma a da ƙa'idar asali ta yawan giyar da ake fitarwa daga yawancin gonakin jan inabi masu matsayi mafi girma, waɗanda ake kira grand cru, ita ce lita 3,500 a hekta. Idan ka raba, kowace kuranga ba ta ba da ko rabin kwalba ba. Saboda haka a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin da 'ya'yan suka fara rikiɗa daga kore zuwa ja, ka zaga gonar ka yanke nonnan da suka makara da waɗanda suka cunkushe da juna, ka bar shida zuwa takwas a kowace kuranga. Ka cire 'yan ganye ta ɓangaren da ranar safe ke bugawa domin iska ta ratsa, amma ka bar na ɓangaren yamma, domin ranar la'asar tana ƙona ɓawon.

Mataki na 2: Zaɓen ranar yanka

Babu hukuncin da ya kai wannan nauyi a duk shekarar. Tsofaffin manoma suna ƙirga kwana 100 daga fitar fure, wanda a da yakan faɗa a ƙarshen Satumba, amma a shekaru masu zafi irin 2003 da 2020 an fara yanka tun cikin Agusta. Saboda haka ƙirgen kwana jagora ne kawai. Mako biyu kafin lokacin, ka riƙa tsinko 'ya'ya kamar 200 daga sassa daban-daban na gonar, sama da ƙasan gangare, ɓangaren rana da na inuwa, ka matse su ka auna. Abin da ake nema shi ne sukari giram 210 zuwa 220 a lita, wato ma'aunin kauri ya nuna kusan 1.090 zuwa 1.095, wanda zai ba da giya mai ƙarfin kashi 12.5 zuwa 13 cikin ɗari, tare da pH tsakanin 3.2 da 3.4.

Awo bai isa ba, sai ka tauna. Ka tauna ɓawon har ya narke, ka ji ko baurinsa mai laushi ne ko irin na ɗanyen ganye. Ka duba ƙwayar da ke ciki: idan ta yi ruwan ƙasa kuma tana ƙaras a haƙori, ta nuna, idan kuwa kore ce mai ɗaci, da saura. A ra'ayina ya fi kyau a yanka kwana biyu da wuri da a makara kwana biyu, domin Pinot da ya nuna fiye da kima yana rasa tsaminsa, kuma giyar gonaki daban-daban sai ta koma kama da juna, duk ɗanɗanon dafaffen 'ya'yan itace. Wanda ya makara ya rasa abin da ya sa aka ware gonar tun farko.

Mataki na 3: Yanka da tsincewa

A yanka da hannu, da sassafe, inabin na da sanyi. Kada a cika akwati har nauyin na sama ya fasa na ƙasa, domin ruwan da ya fita a gona yana fara lalacewa kafin a iso gida. Ka rubuta sunan gonar a jikin kowane akwati, kuma idan ana yanka gona biyu a rana ɗaya, a gama da ɗaya a wanke teburi kafin a shiga ɗayar.

A kan teburi ka cire nono mai furfurar hunhuna, da 'ya'yan da rana ta ƙona, da waɗanda ƙanƙara ta fasa suka bushe, da ganye, da ƙwari. Ka riƙa sunsuna hannunka: idan ka ji warin binega, akwai nonon da ƙananan ƙudaje suka huda, ka nemo shi ka jefar da shi duka. A 2014 irin wannan ruɓa ta wahalar da manoma da yawa a Burgundi, kuma waɗanda suka yi haƙurin tsincewa ne suka tsira da giya mai tsabta. Sabon shiga yakan ji tausayin inabi ya bar na shakka ya wuce. Ka daure ka zubar, ko da zai kai kashi ɗaya cikin goma.

Mataki na 4: Cire kara ko barin sa

A nan masana suka rabu biyu. Marigayi Henri Jayer na ƙauyen Vosne-Romanée ya yi suna da cire kara gaba ɗaya, yayin da gidaje irin Domaine de la Romanée-Conti da Domaine Dujac suka shahara da zuba nono da karansa. Kara yana ƙara ƙanshi mai kama da na fure da kayan yaji, yana sa tsimi ya tafi a hankali, amma yana rage tsami kuma yana rage launi, sannan idan bai nuna ba yakan bar ɗacin ɗanyen ganye. Shawarata ga mai farawa ita ce ya cire duka a shekararsa ta farko, domin ya san ainihin ɗanɗanon gonar. Bayan haka, a shekara mai rana sosai wadda karan ya fara yin ruwan ƙasa, ya gwada barin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ya shimfiɗa su a gindin tanki ya zuba sauran a kai. A kowane hali kada a markaɗa 'ya'yan, a bar yawancinsu a dunƙule. Kada a cika tankin ya wuce kashi huɗu cikin biyar, domin zai kumbura.

Yayin zubawa ka sa salfa giram 3 zuwa 5 ga kowace lita 100. Ka tuna cewa kusan rabin nauyin garin metabisalfait ne ke zama salfa mai aiki, saboda haka za ka auna ninki biyu, ka narkar a ɗan ruwa, ka yayyafa kashi-kashi. Inabi mai tsabta ƙaramin adadin ya ishe shi.

Mataki na 5: Jiƙon sanyi

Ka rufe tankin da leda ko ƙyalle mai tsabta, ka riƙe zafinsa a digiri 10 zuwa 12 na kwana uku zuwa biyar. A wannan lokaci launi da ƙanshi suna fita daga ɓawo cikin ruwan kafin barasa ta samu. Sau ɗaya a rana ka ɗebi bokiti biyu daga ƙasa ka watsa a sama domin kada saman ya bushe. Idan babu na'urar sanyaya tanki, ka daskarar da ruwa a manyan robobi masu murfi, ka wanke bayansu ka nutsa su ciki, ka riƙa canzawa. Idan ka ji wari mai kama da na gam ko na man goge farce, ka daina jiƙon nan take ka bar tankin ya yi ɗumi, domin miyagun ƙwayoyi sun fara aiki kafin yistin kirki.

Mataki na 6: Tashin tsimi

Da zafi ya kai digiri 16 zuwa 18, yistin da ke jikin inabi da cikin ɗakin zai fara cin sukari yana mayar da shi barasa da iskar kabon. Za ka ji tankin yana ƙara kamar ana yayyafi, ɓawon kuma ya taso sama ya zama hula mai kauri. Masu yin giyar gona guda da yawa sun fi son wannan yisti na asali, ni ma haka, amma idan kwana biyu suka wuce bayan ɗumamawa ba a ga motsi ba, ka jiƙa busasshen yisti giram 20 ga kowace lita 100 a ruwa mai ɗumi ka zuba. Wannan ya fi a zura ido tanki ya koma binega.

Safe da yamma ka auna kauri da zafi ka rubuta. Kaurin ya kamata ya riƙa sauka kullum, zafin kuma ya hau a hankali har digiri 30 zuwa 32 a ƙarƙashin hular. Idan bai kai 28 ba, giyar za ta fito ba launi, sai ka lulluɓe tankin da bargo, wanda ƙaramin tanki yakan bukata. Idan ya doshi 35, yistin zai mutu ya bar sukari, kuma tayar da tsimin da ya tsaya aiki ne mai wuya. A shekarar da sukari ya gaza, dokar yankin ta yarda a ƙara sukari cikin iyaka kuma da sanar da hukuma, hanyar da ta samo sunanta daga Jean-Antoine Chaptal. Giram 17 zuwa 18 a lita yana ƙara kashi ɗaya na barasa. A zuba shi kashi biyu ko uku lokacin da tsimin ya fara lafawa, kuma kada a nemi ƙarin da ya wuce kashi ɗaya.

Gargaɗi mafi girma a duk aikin yana nan. Iskar kabon ba ta da launi, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a cikin tanki da ƙasan ɗaki, kuma tana kashe mutane a yankunan inabi har yau. Kada ka sunkuya da kai cikin tanki, kada ka shiga shi kai kaɗai, ka buɗe ƙofofi kafin ka fara aiki. Tsohuwar dabara ita ce a riƙe kyandir a ƙasa-ƙasa, idan ya mutu a fita da sauri, amma na'urar auna iskar ta fi aminci.

Mataki na 7: Danna hula

Ana danna hular ɓawon cikin ruwa da sanda, abin da Faransawa ke kira pigeage, domin launi da bauri su fito kuma zafi ya rarrabu. A farkon tashi, sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, a hankali, ba tare da niƙa ƙwayoyin da ke gindin tanki ba. Da kauri ya sauka ƙasa da 1.020, barasa ta yi yawa kuma tana jawo ɗaci daga ƙwaya, saboda haka ka ajiye sandar ka koma watsa bokiti kawai.

Na taɓa yin kuskuren nan a wani gida da na yi wa aiki. Na ga launin tankin bai kai na maƙwabcinsa ba, sai na riƙa dannawa sau huɗu a rana har ƙarshe. Launin ya ɗan ƙaru, amma giyar, wadda ta fito daga gona mai farar ƙasa da aka san ta da laushi, ta zama mai kaushi a harshe, kuma wata goma sha biyar a ganga bai gyara ta ba. Daga baya aka zuba ta cikin giyar gama-gari ta ƙauye, sunan gonar bai hau kwalba ba a shekarar. Pinot ba shi da duhun launi a halittarsa, kuma hasken launinsa ba aibi ba ne. Ka riƙa ɗanɗana ruwan kullum, harshenka ne zai gaya maka ranar da za ka tsaya.

Mataki na 8: Tsiyaya da matsa

Idan kauri ya kai 0.995 ko ƙasa kuma ya tsaya haka kwana biyu, sukari ya ƙare. Yawanci daga zubawa zuwa wannan rana mako biyu ne zuwa uku. Ka tsiyaye giyar da ke fita da kanta, ka kwashe dusar ɓawon da ta rage zuwa matsewa ka matsa sannu a hankali kana ɗanɗana abin da ke fita, da ka ji ya fara kaushi ka tsaya. Ka ajiye giyar matsa daban, ka gwada haɗin a kofi kafin ka yanke yawan da za ka mayar. A bar giyar ta kwanta kwana ɗaya ko biyu lakar mai nauyi ta zauna, sannan a zuba a ganga tare da 'yar laka mai laushi.

Mataki na 9: Ganga da tsimi na biyu

Ga mai ganga ɗaya tak, ina ba da shawarar gangar da aka yi amfani da ita sau biyu ko uku, mai tsabta, wadda ka sunsuna ka ji babu tsami ko hunhuna. Sabuwar gangar itacen ok daga dazukan Tronçais ko Vosges tana ba da ƙanshin banila da hayaƙi, kuma manyan gidaje sukan sa wani kashi na giyarsu a cikinta su gauraya da na tsofaffin ganguna, amma idan ita kaɗai gare ka, katako za ka ji a kofi maimakon gona.

A cikin ganga wasu ƙwayoyin bakteriya za su mayar da tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa zuwa tsami mai laushi irin na nonon shanu. A ɗakunan Burgundi masu sanyi wannan yakan jira har bazara, idan ɗumi ya dawo. Za ka ji ƙaramar ƙara idan ka kara kunne a bakin gangar. Kada ka sa salfa kafin ya ƙare, domin za ta kashe ƙwayoyin. Wanda yake gaggawa ya ɗumama ɗakin zuwa digiri 18 zuwa 20. Ka kai samfuri ɗakin gwaji a tabbatar ya ƙare, domin idan ya ƙarasa a cikin kwalba, giyar za ta yi gurɓi da kumfa. Bayan an tabbatar, a sa salfa har mai yawo a cikin giyar ta kai miligiram 20 zuwa 25 a lita.

Mataki na 10: Ciko da jira

Katako yana shan giya, wata kuma tana bin iska, saboda haka sarari yakan buɗe a saman ganga, kuma a wannan sarari ne binega ke farawa. Ka cike gangar kowane mako a watannin farko, daga baya kowane mako biyu, da rarar giyar gonar nan da ka ajiye a gilashi. Kada ka yi ciko da giyar wata gona don ta fi kusa da hannu. Lita kaɗan ce a kowane zuwa, amma cikin shekara takan taru ta kai adadin da mai harshe zai gane.

Giyar takan zauna wata 12 zuwa 18. Ka sunsuna ta duk lokacin ciko. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin tana bukatar iska, sai a juye ta zuwa wani mazubi a bar lakar, a wanke gangar a mayar. Warin turken doki yana nuna wani mugun yisti mai suna Brettanomyces ya shiga, sai a juye, a gyara salfa, a sanyaya ɗakin, a kuma daina amfani da wannan ganga. Idan babu matsala, juyewa sau ɗaya kafin zuba kwalba ya isa.

Mataki na 11: Zubawa a kwalba

Ka juye giyar zuwa tanki ta tiyo, ba tare da fantsama ba, ka bar ta mako biyu zuwa huɗu. Idan ta yi garau a gaban kyandir, ba ta bukatar tacewa. Idan baurin ya yi kaifi, farin ƙwai biyu da aka kaɗa da ɗan gishiri da ruwa yakan tausasa ganga ɗaya, amma ka gwada a ƙaramar kwalba tukuna. Ka duba salfa sau na ƙarshe, ka cika kwalabe, ka toshe, ka bar su a tsaye kwana biyu sannan ka kwantar da su a wuri mai duhu da sanyi. Kada ka yi mata hukunci kafin wata uku, domin sabuwar zubawa takan rufe ƙanshinta.

Mataki na 12: Ɗanɗanawa da gane halin gona

Ka sa kwalbar ta kai digiri 14 zuwa 16, domin a zafi barasa ce ke fara bugun hanci. Ka nemi kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, ka zuba kashi ɗaya cikin huɗu. Masu sana'ar suna ɗanɗanawa ne su tofar, kuma da safe suke yi kafin cin abinci mai yaji. Ka karkata kofin a kan farar takarda: launin Pinot mai ƙuruciya ja ne mai haske kamar zoɓon da bai yi kauri ba, har kana iya karanta rubutu ta cikinsa, kuma da shekaru gefensa yakan koma launin jan bulo.

Ka sunsuna kafin ka kaɗa kofin, sannan ka kaɗa ka sake. A ƙuruciya za ka ji ƙanshin jajayen 'ya'yan itatuwan Turai irin ceri da sitiroberi, wanda ga wanda bai saba da su ba ya fi kusa da ƙanshin zoɓo mai ɗan fure. Bayan shekara takwas zuwa goma wani ƙanshi yakan fito mai kama da na busassun ganye a daji da na ƙasa bayan ruwan farko. A baki ka lura da abu uku daban-daban: tsamin da ke sa yawu ya tsinke, da baurin da ke kama dasashi kamar na goro, da tsawon lokacin da ɗanɗanon ke zama bayan ka tofar. Ka ƙirga daƙiƙoƙin, domin a nan ne gona mai daraja ta fi nuna kanta, fiye da a ƙarfin ƙanshi.

Ba a gane halin gona da kofi ɗaya, sai an jera ta da wata. Ka nemi kwalabe biyu na shekara ɗaya daga hannun mai yi ɗaya, domin bambancin da ya rage ya zama na ƙasa. Gwajin da aka fi koyar da sababbi da shi shi ne na Volnay da Pommard, ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka a kudu da Beaune. Ƙasar Pommard ta fi yumɓu, wani ɓangarenta ja ne saboda ƙarfen da ke ciki, kuma giyarta takan fi duhu da bauri mai faɗi wanda ke bukatar shekaru. Gangaren Volnay ya fi dutsen farar ƙasa, giyarsa takan fi ƙanshin fure da bauri mai laushi kamar siliki. Irin wannan bambanci ake samu a arewa tsakanin Gevrey-Chambertin mai ƙarfi da Chambolle-Musigny mai taushi. Ko a gangare ɗaya, gonar tsakiya ce ta fi daidaito, domin ta sama ƙasarta siririya ce mai sanyi, ta ƙasa kuma mai nauyi ce mai riƙe ruwa, shi ya sa yawancin gonakin grand cru suke a tsakiyar gangaren.

Ka rubuta abin da ka ji da kalmominka a littafin da ka rubuta awon tanki, a ƙarƙashin ranar yanka da yawan dannawa da irin gangar. Ka ware kwalabe goma sha biyu daga kowace shekara ka riƙa buɗe ɗaya duk kaka. Idan ka tara shekara uku ko huɗu ka jera su a teburi ɗaya, za ka ga abin da ke canzawa da yanayin shekara, kamar nauyi da zaƙin ƙanshi, da abin da ke dawowa kullum, kamar siffar baurin da wani ƙanshi guda da ba ya ɓacewa. Idan kuwa ka tarar duk shekarun katako ko ɗaci ne ya fi fitowa, ka koma shafin mataki na 7 da na 9 ka rage dannawa, ka nemi tsohuwar ganga a kaka mai zuwa.